Tsagen Ubana da Kaburburan Gaya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne Illa tela na Birnin Ƙonni, kuma wannan labarin tafiyar da na yi ne zuwa Gaya a wata bazara, zamanin da Faransi ke mulki, tun ba a gama gadar kogi ba.

Talata: Ƙonni zuwa Doso

Tun kafin a kira assalatu na rufe keken ɗinkina da tsohon zane, na ɗauki buta da ƴar jakata na fita. Matata Hajo ta rako ni har zaure tana yi mani fatan sauka lafiya. Ɗana Sahabi ya karɓi jakar ya bi ni a baya har tasha. Saboda shi nake wannan tafiya, kuma ya sani.

Bari in faɗi dalili tun yanzu. Sahabi ya ga Ramatu, ɗiyar limamin unguwarmu, ita ma ta gan shi. Muka kai gaisuwa aka karɓa. Da aka zo maganar sa rana sai Liman ya kira ni zaurensa ya ce: "Illa, ubanka na san shi, mutumen kirki na, bayana yay yi salla har ya mutu. Amma shi kaɗai yaz zo garin ga, da tsage ga huska wanda ba mu san irinshi ba, kuma kunnenka ya ji abin da mutane ka cewa. Ni ba ni ba da ɗiya ga gidan da ban san inda kakansu ya kwanta ba. Tahi ka gano. In an ga watan azumi ba ka kawo magana ba, akwai mai jira."

Abin da mutane ke cewa shi ne wai ubana bawa ne da ya tsere. Tun ina yaro nake jin wannan a bakin rijiya da wurin wasa. Shi kuwa tsohon, Allah ya ji ƙansa, duk tambayar da muka yi masa amsarsa ɗaya ce: "Gaya, bakin ruwa." Daga nan sai ya mayar da kai kan allurarsa. Ko sunan ubansa bai taɓa faɗa ba, mu ƴaƴansa kuma bai yarda wanzami ya taɓa fuskarmu ba. Lokacin da na fita, watan Sha'aban ya riga ya raba tsakiya.

Kamiyon albasa na samu, wato babbar motar kaya. Shofer ɗin wani Badahome ne, Kwajo, mai Hausa kamar ana tauna tsakuwa. Ya dubi babbar rigata fara wadda na kwana uku ina yi wa aiki, ya ce: "Baba tela, riga nan, Doso ya zama ja." Na ce masa ya kula da tuƙinsa. Kafin mu kai Dogon Dutsi maganarsa ta tabbata, ga jar ƙasa, ga warin albasa ya kama ni har cikin hula.

A mashigar Dogon Dutsi jandarma suka sauke mu duka. Wani dogo mai jar hula ya karɓi takardar lanhona, wato shaidar biyan haraji, ya juya ta sama da ƙasa.

"Mi za ka yi Gaya?"

"Ziyara, ranka shi daɗe."

"Wurin wa?"

"Wurin kakana."

Ya dubi furfurar gemuna ya ce: "Kai da kanka kana da kaka? To, ka gaishe shi." Ya miƙo mani takardar yana dariya, ni kuwa dariyar ba ta zo mani ba.

Mun shiga Doso bayan magariba. Na sauka wurin wani tela da muka yi koyo tare, aka ba ni dambu da zogale. Abincin ba laifi, amma loma kaɗan na yi na ture kwanon. Tunani ɗaya ke yi mani yawo: in na je na tarar maganar mutane gaskiya ce, da wane baki zan faɗa wa Sahabi?

Laraba: Doso zuwa Gaya

Daga Doso zuwa Gaya an ce kilomita ɗari da hamsin ne, amma a kamiyon Kwajo sun fi haka. Mun tashi da hantsi, taya ta fashe sau biyu, muka yi azahar a gindin wata kuka. Tun daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Itatuwa suka yi yawa, giginya ta fara bayyana tsaye jere-jere, muna ta wuce jakuna ɗauke da gishirin Foga daga wajen garuruwan Bana da Bengu, an naɗe shi cikin kaba dogo-dogo. Zafin wurin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona mutum, nasu kuwa dafa shi yake yi.

Da la'asar sakaliya muka gangaro daga kan tudu sai ga kogi shimfiɗe, ga bak, wato babban jirgin da ke tsallakar da motoci, yana jan jiki zuwa ƙasar Dahome. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Na ce a raina, ashe nan ne bakin ruwan da tsoho ke faɗi.

A zango na sauka gidan Maigida Tanko, wani Bakabe mai masaukin fatake, mutum mai ƙiba da son labari. Bayan an ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi na ja shi gefe na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Malam Illa, aikinka da wuya, amma akwai hanya. Garin ga ba a haɗa matattu wuri guda. Baƙi da nasu wuri, gidan sarauta da nasu, Anasara da nasu, haka nan kowa. In ka gano inda anka kai kakanka, ka san ko shi wane ne. Gobe mu fara da na kusa."

Alhamis: makabartar baƙi

Bayan sallar asuba muka fita ta bayan zango. Wurin fili ne babba, ba katanga, sai ƙaya da aka jera don kare awaki. Kaburbura sun lotsa, wasu da fasasshiyar tukunya a kai, wasu da dutse guda, wasu an dasa reshen dashi ya kama ya zama itace. Tanko yana tafe yana nunawa da sandarsa. Nan fataken goro ne, masu tafiya Gwanja, waɗanda ciwo ya kayar suna jiran ruwa ya ja baya su ƙetare. Can Kanawa ne, can Zamfarawa, can kuma wani ayari ne guda da zawo ya cinye. Ya ce kafin zuwan mota, ayari kan yi wata guda a nan, kuma ba ayarin da ke tashi bai bar wani a ƙasa ba. Na ga lallai wannan zango da goro da gishiri aka gina shi, da kuma mutanen da ba su koma gida ba.

Muka kai ƙarshen fili inda ƙasa ta gangara zuwa wani kwazazzabo. Nan ba tukunya, ba dutse, sai ɗan tudu-tudu da sabara ta rufe. Tanko ya rage murya.

"Nan kuma waɗanda anka kawo da igiya ne. In ɗaya ya mutu kahin a ƙetare da shi, nan aka sa shi. Har waɗanda sunka tsufa cikin gidajen gari suna bauta, nan ne wurinsu."

"Akwai wanda ya san sunayensu?"

"Wa zai sani?"

Na tsuguna kamar mai gyara takalmi. Na dubi tudun nan ɗaya bayan ɗaya ina cewa ko wannan ne, ko wancan ne. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne, in nan kakana yake, ba mai iya tabbatar mani, in kuma ba nan yake ba, ba mai iya wanke ni. Na yi masu addu'a duka, da tsoro da kunya a cikina, don na san rabin addu'ar roƙo nake kada ya zama nawa yana ciki.

Da rana muka zaga wurin tsofaffin zango. Kowa ya tambayi sunan kakan, na ce ban sani ba. Wani ma ya ce: "To kai malam, da mi kaz zo nema?" Muka tashi muka koma masauki.

Juma'a da safe: bayan bariki

Wani dattijo ya ce mana zamanin aikin tilas an kashe mutane da yawa wurin saran giginya, ana ɗaure azara a kai ta ruwa zuwa Yamai, kuma bayan bariki aka rufe su. Na san shekarun ba su yi daidai da fitar ubana ba, amma wanda hankalinsa ya tashi ba ya zaɓen hanya. Tanko yana da baƙi, saboda haka ni kaɗai na hau tudun.

Kaburburan Anasara ƴan kaɗan ne, an zagaye su da ƙarfe, an shafe da siminti, kowanne da rubutu a kansa. Kusa da su akwai na Dahomawa ma'aikatan duwan, wato kwastan, da masu koyarwa a lakwal, makarantar boko, da gicciyen itace. Ni da ban iya bokon Faransi ba na tsaya ina kallon rubutun ina jin haushi. Ga mutanen da suka zo jiya, kowa da sunansa a kansa, ni kuwa ina yawo da kaka ba suna. Daga bayansu aka yi wani dogon tudu guda, kamar kunyar dankali, nan ne aka zuba masu saran giginya.

Ina tsaye na dafa ƙarfen sai na ji an daka mani tsawa. Wani gardi ne da kulki. Ashe an sha sace ƙarfen wurin ana kai wa maƙera, kuma ga shi lokacin ƴan siyasa na yawo, duk baƙo mai babbar riga abin tuhuma ne. Ya tasa ni gaba har ƙofar biro, wato ofishin kumandan, ya zaunar da ni a rana. Na ga azumi na ƙaratowa ni ina tsare, na ga an ɗaura wa Ramatu aure da wani, na ga komai. Da kyar wani tafinta ya fito, ya ji bayanina, ya dube ni da tausayi ya ce: "Baba, masu neman asali gidan sarauta suka zuwa, ba bariki ba." Ya sa aka sake ni ana gab da tafiya masallaci.

Juma'a da yamma: gawayi

Bayan an sauko daga salla Tanko ya kai ni unguwar sarakunan Dendawa. Nasu kaburburan a cikin gida suke, bayan wata doguwar katanga, baƙo ba ya shiga. Na leƙa ta ƙofa kawai na hango wata rumfa da farin yashi a share. A zauren akwai wani tsohon bafade, Baba Maizumbu, wanda aka ce ya ga zuwan Anasara na farko da idonsa. Ya ba mu labarin yadda kakannin sarakunan suka biyo kogi daga yamma suka sauka nan, da wanda ya yi yaƙi da wanda ya yi sulhu, duk suna kwance bayan katangar. Ni dai ina jin sa ne da rabin kunne.

Da ya gama ya ce: "Ba ka san suna ba. To, tsage fa? Ubanka na da tsage?"

Na ce yana da shi, na fara zanawa da yatsa a kumatuna.

"Yatsa ba ya barin sawu, ɗana. Ku ba shi gawayi."

Aka kawo gawayi da ɗan madubi. Ni Illa, mai shekara kusan hamsin, mai almajiran ɗinki huɗu, na zauna a zauren mutane ina zane fuskata. Fuskar ubana ba ta ɓace mani ba, na sha kallonta a kan keken ɗinki. Dogayen layuka daga gefen ido zuwa haɓa, dama da hagu, sannan ƴan gajeru a gefen baki, da wani guda da ya gitta su a kuncin hagu. Da na ɗaga madubin sai na ga ubana yana kallona daga ciki, har na kusa sakin madubin.

Baba Maizumbu ya matso ya duba da kyau.

"Wannan ba namu ba ne," in ji shi.

"Na bayi ne, Baba? Faɗa mani kawai."

"Ban ce ba. Ba ni ne zan faɗa ba, akwai masu shi. Bi ta kasuwa ka miƙe gindin dutse, tsohuwar unguwar Kyangawa. Kuma kada ka goge, in ka goge ba mai sauraronka."

Hanyar gindin dutse ta tsakiyar kasuwar yamma ta bi, ba wata. Na ja hula na sunkuyar da kai, amma ina! Mata masu kifi suka bar ciniki, yara suka biyo mu suna tafi. Tanko yana ta cewa in yi haƙuri, alhali shi ma kafaɗunsa rawa suke don dariya. Muna gab da fita sai na ji an ce: "A'a! Illa tela? Kai ne ko idona?" Na ɗaga kai, sai ga Ɗan Ladi mai albasa, ɗan unguwarmu, mutumin da ko kaza ta yi tari sai ya kai labari kasuwa. Ya ce gobe da asuba zai koma Ƙonni. Na san ko me zan tarar a gindin dutse, labarin fuskata zai riga ni isa zauren Liman.

Gindin dutse

Unguwar ƴar ƙarama ce, bukkoki da rumbuna a ƙarƙashin tsamiyoyi. Muka yi sallama, wani magidanci ya fito, ya dubi fuskata, bai tambayi komai ba ya juya ya yi kira da Dendanci. Can sai ga wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ƴar firit, da zane baƙi ɗaure a ƙirji. Ta matso har ina jin numfashinta, ta ɗaga kai. A cikin tamojin fuskarta na ga layukan nan, har da wanda ya gitta a kuncin hagu.

Ta sa yatsa ta bi gawayin a hankali. Sai ta kira wani suna da ban taɓa ji ba, ta sake kira. Sannan ta ce da Hausa: "A'a, shi ya fi ka tsawo. Kai ɗanshi ne. Ya mutu ko?"

Na ce ya mutu, shekara tara ke nan.

Ta zauna a ƙasa nan inda take. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi. Sunanta Gambi, ƙanwar ubana ce uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ta huta ta ce in biyo ta. Tanko ya tsaya a bakin unguwa, ya ce nan ba wurin shigarsa ba ne. Muka bi wata ƴar hanya zuwa wani kurmi a jikin dutsen. A ciki akwai tarin duwatsu baƙaƙe, kowanne da tukunya a kife, wasu tukwanen sun tsufa har sun koma ƙasa. Gonakin gero sun matso wurin ta ko'ina, har an nome gefe guda.

"Waɗannan su ne farkon garin," in ji Gwaggo Gambi. "Tun babu sarki, tun babu zango. Masu sarauta da sunka zo, wurinsu sunka roƙi wurin zama. Mu ne masu ƙasa. Da can ba a gina rijiya, ba a shuka, sai ubanmu ya zuba ruwa nan ya ce a yi." Ta dafa wani tari mai tukunya sabuwa. "Ga shi nan. Kakanka ke nan."

Na ce: "Gwaggo, ba a taɓa sayenmu ba?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Saye? Wa zai sayi mai ƙasa a kan ƙasarshi?"

Wallahi ji na yi kamar an sauke mani buhun gero daga ka. Shekara arba'in ina ɗauke da maganar bakin rijiya, ga ta ta faɗi a wuri guda. Amma daɗin bai daɗe ba. Na sake duban tukwanen, na ga ba kabari ko ɗaya da ya dubi gabas. Ta ba ni sauran labarin: wani malami ya sauka zango tare da ayari, wanta, wato ubana, ya riƙa zuwa wurinsa, ranar yankan tsafi a gindin tsamiya ya ce shi ba zai riƙe wuƙa ba. Uban ya mare shi a gaban jama'a. Da gari ya waye ba a gan shi ba, kuma shi kaɗai ne namiji. Na ce a raina, na tsere wa bauta na faɗa wani ramin, don ban san yadda Liman zai ji da jikan mai tsafi ba.

Asabar: ƙwaryar gumba

Gwaggo ta ce in dawo da safe. Na iske ta da sabuwar ƙwarya cike da farar gumba da aka dama da ruwa. Ta ce kowace shekara kafin ruwan farko ana zuba wa tsofaffin, kuma aikin namiji ne na jininsu. Tun mutuwar ubansu, shekarar babbar yunwa, ita ke yi, tana ba su haƙuri cewa namijin ya yi tafiya.

Na ce: "Gwaggo, ni musulmi ne."

"Na ga goshinka, ɗana. Ban ce ka yi ba. Rako ni kawai."

Muka shiga kurmin. Ta durƙusa da kyar, ta ɗaga ƙwaryar, ta fara magana da harshen da ko Dendanci ba ne. Hannuwanta suka kama rawa, gumbar na tangaɗi, ƙwaryar ta karkace za ta kife mata a jiki. Ban yi shawara da kowa ba, na kai hannu na riƙe wuyan hannunta. Haka farin ruwan ya sauka a kan duwatsun, hannunta a kan ƙwarya, nawa a kan nata. Ina ta istigfari a zuci, kuma ban saki ba sai da ta ƙare. Har yau ban san sunan abin da na yi ba.

Da muka fito ta tambaye ni ko ina da ɗa namiji. Na ce saboda aurensa ma na zo. Fuskarta ta washe.

"Aiko mani shi baɗi kahin ruwa. Ba ni sa shi komi, na rantse maka. In gan shi kawai, in nuna mashi wurin. Ka ga gonaki na ci. In na mutu ba wanda ya sani, gero za a shuka bisa kansu, da ni duka."

Na ce: "Zai zo, Gwaggo. Na yi maki alkawari."

Ta ba ni busasshen kifi da ɗan gishirin Foga a ƙulle, ta ce a sa a miyar buki.

Komawa gida

Lahadi da asuba na sami kamiyon da ya ɗauko kaya daga bak. Muka kwana Doso, muka kwana Dogon Dutsi saboda wani ƙarfe da ya karye, ni kuwa kowace yamma ina duban sama ina lissafin abin da ya rage wa wata. A hanya na shirya magana kala-kala. Na ce zan ce kakana mai gari ne in yi shiru, na ce zan ɓoye ƙwaryar. Muka shiga Ƙonni ranar Talata da la'asar, kuma tun daga tasha na ga ana kallona ana murmushi. Ɗan Ladi ya yi aikinsa.

Ban shiga gida ba, na wuce zauren Liman da ƙurata. Sahabi ya biyo ni ya rakuɓe a bakin ƙofa. Da na zauna gaban malamin duk maganar da na shirya ta watse, na faɗa masa komai yadda yake, har wuyan hannun da na riƙe.

Liman ya daɗe yana jan tasbaha.

"Riƙon hannun tsohuwa, ka yi istigfari, Allah na gahwara," in ji shi. "Ubanka kuwa ya bar gida da gado saboda salla, wannan asali na da ba kowa ka da shi ba. Na ba Sahabi Ramatu."

Na ji Sahabi ya saki numfashi a bayana.

"Amma da sharaɗi, Illa. Abin da ubanka ya rufe, a bar shi rufe. Jikokina ba su sanin hanyar kurmin nan. Sahabi ba shi taka Gaya, kai ma ba ka komawa, tsohuwar kuma ba ta zuwa buki. In ka yarda, a shafa fatiha jibi."

Na buɗe baki in faɗi alkawarin da na ɗauka. Na waiwaya na ga fuskar ɗana, yaron da ya yi wata biyu ba ya cin abinci, yana dubana da ido cike da roƙo. Na ce: "Na yarda, Malam."

An ɗaura aure kafin a ga wata. An yi miya da kifin Gwaggo da gishirinta, mutane suka yi ta santi, ba wanda ya tambayi inda suka fito. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, kuma na yi baƙin ciki a rana ɗaya, har Hajo ta ce mani in gyara fuska kada a ce ba na son auren.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Maigida Tanko da ya bar baƙinsa ya yi yawon kaburbura da ni, da Baba Maizumbu, da tafintan da ya fid da ni daga rana. Wanda duk ya ba ni ruwa a wannan hanya, Allah ya shayar da shi.

Da bazara ta zagayo na ɗinka zane da riga na ba Kwajo ya kai wa Tanko, na roƙi Tanko ya miƙa wa Gwaggo, ya kuma yi mata bayani yadda zai iya cewa Sahabi ba zai zo ba. Bayan sati biyu Kwajo ya tsaya ƙofar shagona da amsa. Ya ce Tanko ya kai kayan, amma da ya ga yadda ta tarbe shi ya kasa faɗin sauran. Ta karɓa ta sa albarka. Sannan ta ce a tambaye ni wace mota yaron zai shigo, don ta daka gumba da wuri, kada ya iske gidan kakansa ba abin sha.